Yawon buɗe ido a Bauchi: ina kuɗin mai zuwa kallon giwa ke tsayawa?

A watan Oktoban 2024 gwamnatin tarayya ta haɗe ma'aikatar yawon buɗe ido, wadda ba ta daɗe da cika shekara guda da kafuwa ba, da ma'aikatar fasaha da al'adu, ta damƙa su ga minista Hannatu Musawa. Kafin haɗewar da bayanta, ba a rasa jami'in da zai tashi a taro ya ce wannan harka na iya rage wa Najeriya dogaro da man fetur, ta kuma samar wa matasan karkara aikin yi. A Bauchi maganar ta fi shiga kunne, domin da yawon buɗe ido jihar ke yi wa kanta kirari, har a jikin lambar mota.

Sai dai mai sauraro a ƙaramar hukumar Alkaleri na da tambayar da ba a cika amsa masa ba. An buɗe gandun namun daji na Yankari, da ke cikin ƙaramar hukumar, ga baƙi tun 1962. In har harkar na kawo arziki kamar yadda ake faɗa, me ya sa mazauna Mainamaji ko Duguri, maƙwabtan dajin, ba su yi wa sauran ƙauyukan jihar fintinkau ba? Jami'in da mai tambayar suna iya zama masu gaskiya su duka biyun, don ba abu ɗaya suke aunawa ba.

Abubuwa uku da ake cakuɗawa

Na farko shi ne yawon buɗe idon kansa. A bakin mutane, mai yawon buɗe ido Bature ne da kyamara rataye a wuya. A lissafin hukumomin duniya kuwa, duk wanda ya bar inda ya saba zama ya je wani wuri na ƙasa da shekara guda, ba don ya kama aikin albashi a can ba, ya shiga ƙidaya. Ke nan ɗaliban sakandare da aka kwaso a bas zuwa Wikki, maɓuɓɓugar ruwan ɗumi da ke cikin Yankari, suna ciki. Ma'aikacin da ya zo bita ta kwana uku a wani otal a Bauchi yana ciki, haka wanda ya zo kallon hawan sallah ko ziyarar kabarin Abubakar Tafawa Ɓalewa. Don haka idan aka ce harkar ta bunƙasa, mai yiwuwa tarukan otal ne suka ƙaru, ba masu shiga daji ba.

Na biyu, bunƙasar tattalin arziki. Wannan jimilla ce kawai: darajar duk kayan da aka samar da ayyukan da aka yi a jiha ko ƙasa bana, idan aka kwatanta da bara. Ba ta faɗin hannun wa ƙarin ya shiga.

Na uku, giɓin samu tsakanin birni da karkara. Nan alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun fito da abin fili. Rahotonta na talauci na 2019 ya nuna kashi 40 cikin 100 na 'yan Najeriya suna ƙasa da layin talauci, amma a karkara adadin kashi 52 ne, a birane kashi 18. Bauchi da Gombe kowacce ta haura kashi 60. Wani rahoton na 2022, wanda ya auna talauci ta fuskar ilimi, lafiya, ruwan sha, makamashin girki da makamantansu, ya samu kashi 72 a karkara, kashi 42 a birane.

Harka ɗaya na iya ƙara jimillar arziki, ta ɗan rage talauci, ta kuma faɗaɗa giɓi, duk a lokaci guda. Idan mai sayar da kankana a bakin hanya ya samu ɗan ƙarin ciniki, mai otal a birni kuma ya ninka ribarsa, kowa ya ƙaru, amma tazarar da ke tsakaninsu ta fi ta da.

Yadda kuɗin baƙo ke zama arziki

A duniya harkar ba ƙarama ba ce. A 2019 an yi tafiye-tafiyen ƙetare iyaka kusan biliyan 1.5, kuma idan aka haɗa da sana'o'in da ke raɓe da ita, ana ƙiyasta ta kai kusan kashi ɗaya cikin goma na tattalin arzikin duniya.

Kuɗin baƙo na shiga ta matakai. Akwai abin da ya biya kai tsaye: ɗaki, abinci, mota, kuɗin ƙofa. Akwai abin da mai otal ya saya don ya yi masa hidima: shinkafa, kaji, dizal, zannuwan gado. Sannan akwai albashin ma'aikatan otal ɗin, wanda su ma suke kashewa wajen tela da mai shago da kuɗin makaranta. Duk hannun da naira ta shiga kafin ta bar yankin, ƙari ne ga tattalin arzikin wurin. Gwamnati kuma na tsintar nata ta haraji.

Amma ba duk kuɗin ke juyawa a wurin ba. Wani kaso na ficewa nan take zuwa inda aka sayo kaya ko inda mai jarin yake zaune, abin da masana ke kira yoyo. Lemon kwalba, janareto, na'urar sanyaya ɗaki, tikitin jirgin sama: kuɗinsu na wucewa Kano ko Legas ko ƙetare. Gwargwadon ƙarancin abin da wuri ke samarwa da kansa, gwargwadon yawan yoyonsa. Wannan ya shafi jihar Bauchi idan aka kwatanta ta da Legas, ya kuma fi shafar Alkaleri idan aka kwatanta ta da birnin Bauchi.

Akwai kuma gardamar da masana ba su gama ba: yawon buɗe ido ke jawo bunƙasa, ko kuwa wurin da ya riga ya samu hanya da lantarki da tsaro ne ke jawo baƙi? Nazarce-nazarce a ƙasashe daban-daban sun samu duka biyun.

Bin sawun naira daga Abuja zuwa Wikki

A ɗauki iyalin da suka taso daga Abuja ranar Juma'a da nufin kwana biyu a Yankari. Kafin su bar gari sun cika tanki, sun shiga kanti sun loda ruwan roba da lemo da biskit a but ɗin mota. Da magariba suka iso Bauchi, suka kama ɗaki a otal, aka fita aka ci masa da tsire. Da safe suka ƙara mai, suka ɗauki hanyar Gombe, suka karkata a Dindima, suka isa ƙofar dajin da ke Mainamaji. Nan suka biya kuɗin shiga.

Daga wannan ƙofa zuwa sansanin Wikki akwai tafiyar sama da kilomita 40 a cikin daji, ba gari, ba kasuwa. A sansanin ne ɗakunan kwana suke, da wurin cin abinci, da motar kewaya daji, da maɓuɓɓugar ruwan ɗumin da zafinsa ke tsaye a wajen digiri 31 rani da damina. A nan za su yi wanka, yara su yi ta ihu idan gwaggon biri ya fizge ledar biredi daga hannun wani, ko gadu ya ratso tsakanin ɗakuna yana kiwo. Ranar Lahadi su fito ta ƙofar da suka shiga, su kama hanya.

Yanzu a lissafa. Man fetur da kayan kanti sun tsaya a Abuja. Otal da abincin dare sun tsaya a birnin Bauchi. Kuɗin ƙofa da na masauki a sansanin na hukumar da ke gudanar da dajin ne, kuma dajin na gwamnatin jiha ne. Abin da ya faɗa hannun mutumin ƙauye kai tsaye shi ne rake ko gyaɗa da aka tsaya aka saya a bakin titi, sai faci in taya ta yi. Idan da jirgi suka zo, suka sauka a filin jirgin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, rabon karkara ya ƙara ƙanƙancewa, don tikitin na kamfanin jirgi ne, motar haya kuma ta birni ce.

Ba wanda ya tsara haka da mugun nufi. Baƙo na kashe mafi yawan kuɗinsa ne a inda ya kwana da kan abin da ya hau, ba a inda abin kallon yake ba. Gandun namun daji na Sumu, wanda ke ƙaramar hukumar Ganjuwa, ya fi nuna wannan, don kusancinsa da birni ya sa ana iya zuwa da safe a ga raƙuman dawa da jakunan dawa, a dawo a kwana a Bauchi. Kusancin da ya sa wurin ke da sauƙin zuwa shi ne kuma ya rage dalilin kwana a can.

Ta fuskar aiki ma akwai hawa-hawa. Manaja, akanta, mai karɓar baƙi da babban kuku suna bukatar takarda da Turanci, kuma mafi yawan masu su a birni suke. Abin da ya rage wa ɗan ƙauye shi ne gadi, shara, wanki, yankan ciyawa. Akwai dai wuri ɗaya da ya fi ɗan birni daraja nesa ba kusa ba: sanin daji. Wanda zai dubi ƙasa ya ce garken ɓauna ya ratsa nan da asuba, ya kuma faɗi inda suka nufa, ba a makaranta ya koya ba.

Sai maganar abinci, wadda ita ce ake ganin ta fi sauƙin haɗa manomi da baƙo, amma a aikace tana da sarƙaƙiya. Otal na son tumatir da ƙwai da kaji kowane mako ba fashi, yana son rasit, kuma sau da yawa sai ƙarshen wata yake biya. Ƙaramin manomi kuwa yana da kaya ne a kakarsa kaɗai, ba shi da wurin sanyaya su, kuma hannu da hannu yake so. Wanda ke iya cike wannan tazara shi ne dillali a kasuwar Muda Lawal da ke birnin Bauchi. Tumatirin na iya zama na ƙauye, amma ribar da ke tsakanin farashin gona da farashin otal a birni take kwana.

Wanda ke biyan farashin dajin

Yankari ya kai faɗin murabba'in kilomita 2,244. An keɓe shi a 1956, ya zama gandun ƙasa a hannun gwamnatin tarayya a 1991, ya koma hannun jihar Bauchi a 2006. A duk waɗannan matakai doka ɗaya ce ga maƙwabtansa: ba farauta, ba kiwo, ba noma, ba saran itace. Ga mutumin birni wannan ba asara ba ce. Ga maƙwabcin daji kuwa, nama ne da makiyaya da itacen girki da zuma suka fita daga hannunsa, yayin da yawan jama'a ke ƙaruwa, gonaki kuma na matsowa bakin iyaka. Irin wannan asara ba ta bayyana a lissafin bunƙasa, don abin da mutum ya ɗebo daga daji ya ci a gida ba ya ratsa kasuwa.

Ga kuma giwaye. Yankari na cikin wurare ƙalilan da giwa ta rage a Najeriya, kuma ita ce babban abin da ke jawo baƙi. Amma dajin ba shi da katanga. Da rani dabbobi na taruwa a bakin kogin Gaji, shi ya sa lokacin ya fi kyau ga mai kallo. Da damina da kaka kuwa, ruwa ya wadata ko'ina, giwaye na bazuwa, wani lokaci har gonakin kewaye. Manomi kan kwana a gona da tocila da wuta da gwangwani yana kaɗawa, amma garke ɗaya na iya tattake dawar shekara a dare guda. Giwar da ta kawo kuɗin ƙofa a watan Maris ita ce ta cinye gona a watan Oktoba, kuma ba aljihu ɗaya abin ya shafa ba.

Ƙungiyar kare namun daji ta WCS, mai hedkwata a Amurka, ta yi shekaru tana aiki da gwamnatin jihar wajen tallafa wa masu gadin dajin, da maƙala wa wasu giwaye na'urar bin sawu, da ɗaukar mutanen ƙauyuka da ke sanar da motsin garken. Masu gadin kansu, waɗanda da yawansu 'ya'yan yankin ne, sun rasa abokan aiki a hannun mafarauta. Wannan ma farashi ne da karkara ke biya.

Giɓin zai rufe da kansa?

A 1955 masanin tattalin arziki Simon Kuznets ya yi hasashen cewa idan ƙasa ta fara bunƙasa, rashin daidaito kan fara ƙaruwa, daga baya ya sauko. Wasu na ɗora wannan a kan yawon buɗe ido: da farko masu jari da masu ilimi ne ke cin moriya, idan baƙi suka yawaita sai ƙananan masaukai da gidajen abinci su bazu zuwa ƙauyuka. A ƙasar Sin, inda aka yi nazari da yawa a kan wannan tambaya, an ga wuraren da giɓin ya ragu, musamman inda manoma da kansu ke saukar da baƙi a gidajensu suna ciyar da su daga gonarsu. Amma can baƙin na cikin gida ne masu ɗimbin yawa, gwamnati kuma ta riga ta kai hanya da lantarki. Sakamakon ma ya bambanta daga lardi zuwa lardi. Ba wata ƙa'ida da ta ce saukowar dole ce.

Akwai ma hanyar da bunƙasa ke iya ƙara giɓin. Da zarar an ji za a gina wani abu kusa da wurin kallo, masu kuɗi da suka riga kowa jin labari kan saye filaye da araha. Idan gwamnati ce ta karɓi filin, Dokar Mallakar Ƙasa ta 1978 ta ɗora ƙasa a hannun gwamna a matsayin amana, kuma diyyar da ta tanada ta abin da ke kan filin ce, kamar amfanin gona da gini, ba ta darajar da filin zai yi gobe ba.

Inda ra'ayoyi suka rabu

Jami'an gwamnati da masu otal na cewa a fara samar da abin rabawa tukuna. Hujjarsu ita ce kuɗin da ya shiga baitulmalin jiha na kowa ne, da shi ake biyan malamai da ma'aikatan asibitin karkara, kuma hanyar da aka shimfiɗa don baƙo ita manomi ke bi ya kai hatsi kasuwa. Suna ƙarawa da cewa masana'anta na iya zaɓar birni, amma ba mai iya ɗauke Wikki ya kai Abuja, don haka wannan na cikin harkoki ƙalilan da dole mai kuɗi ya tako zuwa karkara.

Masu magana da yawun ƙauyukan kewaye na amsawa da karin maganar nan: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A ganinsu asarar ta taru a kan mutane ƙalilan da aka san gonakinsu, ribar kuma ta narke a cikin kasafin ƙananan hukumomi 20. Suna kafa hujja da man fetur. A Nuwamban 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin haƙar mai na Kolmani a kan iyakar Bauchi da Gombe, ta ɓangaren Alkaleri, kuma dokar man fetur ta 2021 ta tanadi kashi 3 cikin 100 na kuɗin gudanar da aikin kamfani ga al'ummomin da ake haƙa a yankinsu. In maƙwabcin rijiyar mai na da kaso a rubuce, in ji su, me zai hana maƙwabcin giwa?

Masu kare namun daji na goyon bayan rabon, amma don wani dalili daban: mutumin da bai ga amfanin giwa ba, ba zai tona asirin mai harbinta ba.

Akwai kuma masu ganin duk gardamar ta fi ƙarfin abin da ake gardama a kai. A cewarsu noma da kiwo ne ke riƙe da mafi yawan mutanen jihar, baƙin Yankari kuma ba su kai yawan da za su motsa alƙaluman talauci ba ko da an raba kuɗin ƙofa kaf. Sun fi son a zuba kuɗin gyaran ɗakunan baƙi a noman rani da hanyoyin karkara. Wannan hujja na da nauyi idan ana maganar jiha baki ɗaya. Ƙarfinta na raguwa idan aka tsaya a kan ƙauyukan da ke jikin dajin, inda ayyuka kaɗan na dindindin ke iya sauya gari.

Abin da aka gwada a wasu ƙasashe

Ruwanda ta fara ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin shigar gandayenta ga al'ummomin kewaye a 2005, ta mai da shi kashi 10 a 2017, shekarar da ta ɗaga kuɗin ganin gwaggon birin tsauni, wato gorila, zuwa dala 1,500 ga mutum ɗaya. Ta kuma ware wani asusu daban na biyan diyyar ɓarnar namun daji. Yuganda na ba da kashi 20 na kuɗin ƙofa. Ƙorafin da ake yi a kan irin wannan tsari shi ne kuɗin kan makara, kuma yakan tafi ginin aji ko rijiya, wanda ba ya maye wa manomi buhunan da giwa ta ci. Kashi goma na dala 1,500 kuma ba ɗaya yake da kashi goma na kuɗin ƙofar ɗalibi ba.

Namibiya ta bi wata hanya. Dokarta ta 1996 ta bai wa al'ummomin karkara ikon kafa yankunan kiyaye namun daji nasu, su ƙulla yarjejeniya da masu gina masauki, su karɓi haya da kason riba da ayyuka. Yau akwai irin waɗannan yankuna sama da 80, ko da yake waɗanda ke kusa da manyan wuraren kallo sun fi sauran samu nesa. Daga Namibiyar aka kawo dabbobin Sumu a 2006, zamanin Gwamna Ahmadu Adamu Mu'azu.

Wa ke da wuƙa da nama?

Haɗe ma'aikatu a Abuja bai sauya da yawa a nan ba. A 2013 Kotun Ƙoli, a shari'ar da ta haɗa gwamnatin tarayya da jihar Legas, ta yanke cewa rajista da sa ido kan otal-otal hurumin jihohi ne. Yankari kuma na jiha ne tun 2006. Ke nan maganar rabon kuɗin ƙofa, ko diyyar ɓarnar giwa, ko sharaɗin ɗaukar 'yan yanki aiki idan aka ba wani kamfani hayar masauki, a majalisar dokokin jiha da gidan gwamnati ake yanke ta. Abin da ke hannun tarayya shi ne biza, manyan hanyoyi, harkar jiragen sama da jami'an tsaro. Hukuncin Kotun Ƙoli na Yulin 2024 kan bai wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, in ya tabbata a aikace, zai iya bai wa Alkaleri ko Ganjuwa damar gina rumfunan kasuwa ko gyara hanyar da ta haɗa gona da ƙofar daji ba tare da jiran jiha ba.

Hawan sallah da tarukan Gombe

Ba kullum kuɗin ke gangarowa birni ba. Hawan sallah a birni ake yinsa, amma hakimai da mahayansu daga gundumomi suke zuwa, harawa da dusar dawaki daga karkara suke, ga masu sirdi da dukawa da maɗinka da makaɗa da ke samun aikin makonni kafin ranar. Baƙon na kallo a ƙofar fada, wani kaso na kuɗin shirin kuma ya riga ya isa ƙauye. Sanya hawan Kano cikin jerin al'adun duniya da UNESCO ta yi a Disamban 2024 ya ƙara jawo hankali ga hawan sauran masarautu. Matsalar hawan ita ce kwanaki kaɗan ne, sau biyu a shekara.

Gombe kuma na nuna ɗaya gefen. Jihar ta yi iyaka da duk sauran jihohi biyar na arewa maso gabas, don haka tarukan gwamnati da na ƙungiyoyi kan sauka a can. Wannan yawon buɗe ido ne a lissafi, kuma kusan dukkansa a cikin birni yake ƙarewa. Tsaunukan Tula, madatsar ruwa ta Dadin Kowa, da Mbormi inda Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya faɗi a yaƙi da Turawa a 1903, wurare ne da mahalarcin taro zai iya leƙawa da rana ya koma otal ya kwana.

Abin da kowa zai iya gani a aljihunsa

Idan baƙi suka ƙaru kuma tsarin ya zauna yadda yake, waɗanda za su fara ji su ne ma'aikatan otal, direbobin haya, masu Keke Napep, masu masa da kilishi a birnin Bauchi. Masu haya kusa da unguwannin otal kuma na iya ganin kuɗin gida ya ɗaga.

Ga manomin gefen daji, ƙaruwar baƙi kaɗai ba ta sauya komai, sai in an haɗa da diyya ko cinikin abinci. Ƙarin tsaron dajin ma na iya zame masa ƙarin takura, makiyayi kuma ƙarin kamu da tara. Mata masu man kaɗanya, daddawa, tabarma da faifai na da kayan da baƙo zai saya, in akwai inda mota ke tsayawa ya gan su.

Matasa na da wata dama da ba a cika lura da ita ba. Lokacin da kallon namun daji ya fi kyau, daga sanyin hunturu zuwa ƙarshen rani, shi ne daidai lokacin da aikin gona ya ƙare, samari ke tafiya cin rani birane. Aikin rakiyar baƙi ko na masauki a waɗannan watanni ba ya cin karo da noma.

Sai dai harka ce mai saurin tsorata. A 2020 cutar korona ta zaftare tafiye-tafiyen ƙasa da ƙasa da sama da kashi 70. Sace ma'aikata bakwai 'yan ƙasashen waje a Jama'are a Fabrairun 2013, da gargaɗin da Amurka da Birtaniya suka sha yi wa 'yan ƙasarsu kan zuwa arewa maso gabas, sun bar harkar a hannun baƙi 'yan cikin gida, su kuma cire tallafin mai a Mayun 2023 ya tsawwala musu kuɗin hanya. Idan baƙi suka ɗauke ƙafa, otal ɗin birni na iya komawa kan bukukuwan aure da bitar ma'aikata ya ci gaba da biyan albashi. Wanda ya ci bashi ya kafa rumfa a bakin ƙofar Mainamaji ba shi da wani mai saye in ba motar da ta nufi daji ba.